Daga allon aji zuwa motar yashi: darasin lissafin da ke hana a cuce ka

Duk wanda ya taɓa aiko da kuɗin gini daga Legas, Abijan, Aljeriya ko Libiya ya san irin wannan saƙon: an kawo yashi mota goma, a turo kuɗi. Abin da saƙon ba ya faɗa shi ne yawan yashin da kowace mota ta ɗauko. A ce akwatin bayan motar yana da tsawon mita 5, faɗin mita 2,4, zurfin mita 1. In an cika shi daidai baki, yashin da ke ciki mita kib 12 ne. In aka bar santimita 15 ba a cika ba, abin da ido ba zai kula da shi ba daga ƙasa, an rage mita kib 1,8. A sawu goma an rage mita kib 18, wato mota ɗaya da rabi da aka biya kuɗinta amma ba ta iso ba.

Wannan lissafin ba na injiniya ba ne. Yana cikin littafin ɗan aji shida na firamare, wanda muke kira CM2. Shi ne darasin girman ciki, wanda malamai ke kira bolim da Faransanci: nawa akwati, tano, rijiya ko rumbu ke iya ɗauka. Ɗalibai da yawa suna haddace ƙa'idojinsa don jarrabawa, su manta da su bayan an fito, alhali kuwa cikin darussan lissafi kaɗan ne ke bin mutum har kasuwa da wurin gini kamar shi.

Mene ne mita kib?

Ka ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Abin da ke cika shi ake kira mita kib ɗaya, ana rubuta shi m³. In ruwa ne, lita 1000 ke nan: tano biyar masu lita 200, ko bido 40 masu lita 25, irin waɗanda ƴan garuwa ke turawa a cikin unguwanni. Nauyin ruwan kuma tan ɗaya ne, domin litar ruwa kilo ɗaya take.

Wanda ke da famfo a gida yana haɗuwa da wannan ma'aunin duk wata, ko ya sani ko bai sani ba. Lambobin da ke juyawa a jikin kwantar ruwa mita kib suke ƙirgawa, da su kuma ake rubuta takardar biyan kuɗi. Gidan da aka ce ya sha 15 a wata, lita dubu 15 ya sha, wato bido 600, kimanin bido 20 a kowace rana. Mai gidan da ya iya wannan juyin zai gane da wuri in akwai bututun da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa.

Lita ita ma akwati ce, ƙarama: santimita 10 ta kowane gefe. A ƙasa da ita akwai santimita kib, wanda shi ne mililita. Shi ne ake gani a jikin sirinjin allura da murfin maganin yara. Shi ne kuma lambar 125 da ke jikin babur ɗin ɗan kabu-kabu ke nufi: girman cikin silindar injin, santimita kib 125.

Ƙa'ida ɗaya ce, siffofi ne suka bambanta

A aji, ɗalibi yakan ɗauka kowace siffa da tata ƙa'idar, sai ya tara su a kai kamar lambobin waya. Gaskiyar ita ce, duk abin da ya tashi a miƙe daga gindi har sama ba tare da ya tsuke ko ya buɗe ba, ƙa'idarsa ɗaya ce: ka nemi girman filin gindinsa, ka ninka da tsayinsa.

In gindin mai kusurwa huɗu ne, kamar bulo, kwali ko ɗaki, filinsa tsawo sau faɗi ne. Ɗauki daɓen kankare mai tsawon mita 10, faɗin mita 8, kaurin santimita 12. Filin mita 80 ne, a ninka da 0,12, ya ba da mita kib 9,6. Magina sun saba zuba kilo 350 na siminti a kowane mita kib na kankare mai ƙarfe, wato buhu 7 masu kilo 50. Aikin zai ci buhu 67 da ɗan kai, a ce 68. In aka rage kaurin zuwa santimita 10, kankaren ya koma mita kib 8, buhu 56. Santimita biyu kacal, amma bambancinsu ya haura buhu 11. Ko daga masana'antar Malbaza simintin ya fito, ko daga ƙetare, duk wanda ya san farashin buhu a yau ya san wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Akwai kuma maganar ƙarfin ginin da iyali za su kwana a ƙarƙashinsa.

In gindin da'ira ne, kamar tano, gwangwani ko rijiya, filinsa shi ne rabin faɗi sau rabin faɗi sau 3,14, lambar da ake kira pi. Tanon ƙarfe da muka sani faɗin bakinsa kusan santimita 57 ne, tsayinsa kusan 85. Rabin faɗin 28,5 ne. A ninka shi da kansa, a ninka da 3,14, sannan da 85: za a sami kusan santimita kib dubu 217, wato lita 217 in an cika shi maƙil. Shi ya sa tanon da ake kira na lita 200 yake ɗaukar 200 ɗin har ya bar sarari a sama.

Haka rijiya. Rijiyoyin siminti da aka gina a ƙauyuka da yawa faɗin cikinsu mita 1,8 ne. In aka zura igiya mai dutse aka ga ruwan ya kai zurfin mita 3, to 0,9 sau 0,9 sau 3,14 sau 3 ya ba da mita kib 7,6, fiye da bido 300. Kowane santimita 10 da ruwan ya ja da baya, lita 254 ne suka tafi. Kwamitin da ke kula da rijiyar gari zai iya bin ruwanta daga watan Maris zuwa faɗuwar damina da igiya da alƙalami kawai.

Tozon tiya da cinikin kankana

Siffofin da suka tsuke zuwa tsini, kamar mazurari, malafa ko dala, suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kashi ɗaya cikin uku na abin da za su ɗauka da a ce sun tashi a miƙe. Malamin da ya naɗe kwali ya yi mazurari mai baki da tsayi daidai da na gwangwani, ya cika shi da rairayi ya juye, zai nuna wa aji cewa sai an juye sau uku gwangwanin ke cika. Yaron da ya ga wannan da idonsa da wuya ya manta da raba-uku. Gani ya kori ji.

Wannan siffar tana kan kowace tiya a kasuwar hatsi. Tiya ma'aunin girman ciki ce, ba ta nauyi ba, ko da yake an saba lissafa tiyar hatsi a kan kusan kilo biyu da rabi, tiya 40 a buhu mai kilo 100. Tozon da hatsi ke yi a samanta mazurari ne a kife. A ce bakin tiyar santimita 20 ne, tozon ya tashi santimita 6: 10 sau 10 sau 3,14 sau 6, a raba uku, santimita kib 628, fiye da rabin lita. A tiya 40, lita 25 ke nan, bido guda cike da hatsi. Gardamar da ake yi tsakanin mai awo da mai saye a kan a shafe ko a bar tozo, gardama ce a kan abincin kwanaki.

Sai ƙwallo. Ƙa'idarsa ita ce rabin faɗi sau uku a jere, wato a ninka shi da kansa har sau biyu, sannan a ninka da 3,14, a ninka da huɗu, a raba uku. Kankana mai faɗin santimita 20 girman cikinta kusan lita 4,2 ne. Mai faɗin santimita 30 kuwa lita 14,1. A ido babbar ta fi ƙaramar da rabi ne kawai, amma abin da ke cikinta ya ninka na ƙaramar fiye da sau uku. In mai kankana ya ce babbar kuɗin ƙanana biyu ce, babbar ce mai araha.

Wurare uku da ake faɗuwa

Kuskuren farko na juya ma'auni ne. Yaro ya koyi cewa mita ɗaya santimita 100 ce, sai ya ɗauka mita kib ɗaya ma santimita kib 100 ne. A'a, 100 sau 100 sau 100 ne, wato miliyan ɗaya. Shi ya sa a jadawalin juyi kowane ma'aunin girman ciki ke da gurbi uku, ba ɗaya ba. Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne haɗa mita da santimita a lissafi ɗaya: wanda ya ninka 80 da 12 maimakon 0,12 zai sami daɓe mai mita kib 960, kankaren da zai cika motoci 80.

Na biyu shi ne sa faɗin da'ira gaba ɗaya a inda ake neman rabinsa. Tunda ana ninka lambar da kanta, amsar ba ninki biyu take fitowa ba, ninki huɗu take fitowa. Ɗalibin da ya taɓa ɗaukar bido a ka zai tsaya in lissafinsa ya ce tano na cin lita 868. Wanda bai taɓa haɗa lambar da wani abu da ya sani ba zai ja layi a ƙarƙashinta ya miƙa takarda.

Na uku ya fi kama manya. Mutum yakan ɗauka in an ninka girman abu sau biyu, abin da yake ɗauka ma ya ninka sau biyu. Tukunyar da ta ninka wata a faɗi da tsayi tana cin ninki takwas. A tanki mai siffar tano, ninka tsayi yana ba da ninki biyu, ninka faɗi yana ba da ninki huɗu. Rumbu mai faɗin mita 2 da tsayin mita 1,5 yana ɗaukar mita kib 4,7. In faɗin ya zama mita 3 a tsayi ɗaya, yana ɗaukar 10,6. Rumbunan laka na ƙasar Adar masu tumbi ba su miƙe kamar tano ba, don haka wannan kintace ne, amma darasin yana nan: ƙara faɗi ya fi ƙara tsayi riba.

Daga rumbu aka fara

Wannan ilimin ya girmi allo da alli, kuma a nahiyarmu aka rubuta wasu daga cikin tsofaffin misalansa. Wata takardar Masar ta dā, wadda marubuci Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, tana ajiye yau a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan. A cikinta akwai tambaya a kan rumbu mai zagaye, faɗinsa kamu 9, tsayinsa kamu 10. Marubucin ya cire ɗaya cikin tara na faɗin, saura 8, ya ninka 8 da 8 ya sami 64, ya ninka da 10 ya sami 640. Da pi na yau amsar 636 ce. Kuskurensa bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Wata takardar da ta girme ta, wadda ke Mosko, ta lissafa girman dala da aka yanke wa kai: gindi 4, sama 2, tsayi 6, amsa 56, kuma daidai ne. Daga baya Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da cewa ƙwallo yana cin kashi biyu cikin uku na gwangwanin da ya rufe shi daidai. Ya ji daɗin wannan sakamakon har ya nemi a zana siffofin biyu a kan kabarinsa. A Bagadaza kuma, wajen shekara ta 820, Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya sa babin awon fili da girman ciki a cikin littafinsa na aljabra, kusa da babin rabon gado, domin ya rubuta shi ne don buƙatun mutane na yau da kullum: ciniki, awon gonaki, haƙa magudanan ruwa. Ita kuwa lita da mita, a Faransa aka kafa su a shekarun 1790, daga can suka iso mana tare da makarantar boko.

Me ya sa darasin ba ya zama?

Binciken PASEC, wanda ke auna ƙwarewar ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ƙasa da ɗaya cikin goma na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare ne suka kai matakin da ake buƙata a lissafi. A zagayen 2019 an samu ci gaba sosai, amma adadin bai kai ɗaya cikin huɗu ba. Binciken ya shafi lissafi gaba ɗaya, sai dai awo da siffofi suna cikin abin da ake gwadawa, kuma darasin girman ciki yana tsaye ne a kan ninkawa, lambobi masu waƙafi da filin siffofi. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu a ƙananan azuzuwa zai iske ƙofar a rufe. Daga nan matsalar ke bin ɗalibi zuwa kwaleji, inda ake ƙara masa silinda, dala da mazurari kafin jarrabawar BEPC.

Akwai maganar harshe. Yarinyar da ke ɗebo ruwa tun tana shekara bakwai ta san bido nawa ke cika tanon gidansu. Yaron da ke taya mahaifinsa awo a kasuwa ya san tiya nawa ke cikin buhu. Suna shiga aji sai a gabatar musu da abin da suka riga suka sani cikin kalmomin da ba su taɓa ji a gida ba, a kan zanen da aka yi a allo, inda akwati mai gefe shida ya zama layuka masu ɗigo-ɗigo. Ba abin mamaki ba ne su kasa gane cewa tanon gida ne ake magana a kai.

Nijar ta daɗe tana gwada koyarwa da harsunan gida: makarantar gwaji ta farko da Hausa an buɗe ta a Damagaram a 1973, kuma cibiyar INDRAP da ke Yamai ta wallafa littattafan karatu cikin harsunan ƙasa. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Aikin da ya rage a wannan fannin shi ne a daidaita kalmomi, ta yadda malamin Tawa da na Maraɗi za su kira rabin faɗi da girman ciki da suna ɗaya, a kuma buga su a littafin da zai kai hannun yaro.

Kayan aiki kuwa ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Gwangwanin tumatir, kwalin sukari, bokiti, robar ruwa ta lita ɗaya da rabi, igiya da rairayin tsakar makaranta sun isa. Kwalin sukari mai ƙwayoyi shi kaɗai yana nuna dalilin da ya sa ake ninka tsawo da faɗi da tsayi: a ƙirga ƙwayoyin layi ɗaya, a ƙirga layukan hawa ɗaya, a ƙirga hawa. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce yara su kintata kafin su lissafa, su lissafa kafin su zuba, sannan su zuba su gani.

Labaran ƙasa ma da wannan ma'aunin ake ba da su

Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2011, an gina ta ne don tace ganga dubu 20 a rana. Gangar ɗanyen mai ba tanon gida ba ce, lita 159 ce. Ganga dubu 20 sun zama lita miliyan 3 da dubu 180, wato mita kib 3180. Madatsar ruwa ta Kandaji da ake ginawa a kan kogin Kwara a jihar Tilaberi an tsara ta riƙe kimanin mita kib biliyan ɗaya da rabi. Wanda bai san mita kib ba, waɗannan lambobin hayaniya ce kawai a kunnensa, ba zai iya auna alkawari da abin da aka cika ba.

Ruwan sama ma haka. In rediyo ya ce an samu milimita 20, ana nufin lita 20 a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Rufin kwano mai mita 10 da mita 8 ya karɓi lita 1600 a wannan ruwan guda, tano takwas. A gari irin Damagaram, inda ƙarancin ruwa ya daɗe yana wahalar da jama'a, wannan lissafin ne ke gaya wa mai gida girman tankin da ya kamata ya saya kafin damina. Manoman Illela da kewaye masu haƙa ramukan tassa a fako su ma da shi suke aiki: rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 20 yana tare kusan lita 14, in aka haƙa dubu 10 an tare mita kib 140 da da sun gudu sun bar gonar.

Ga gwaji ga mai karatu, ko a gida yake ko a ci-rani, ya kuma tura wa ƙanensa da ke shirin jarrabawa. Tankin ruwa mai siffar tano, faɗinsa mita 1,2, tsayinsa mita 1,5. Gida yana amfani da bido 6 masu lita 25 a rana. Kwana nawa tankin zai kai su in an yanke ruwa? Rabin faɗin 0,6 ne. 0,6 sau 0,6 sau 3,14 sau 1,5 ya ba da kusan mita kib 1,7, wato lita 1700, bido 68. Amsar kwana 11 ce. Wanda ya sami kwana 45 ya manta ya raba faɗin biyu, kuma gara ya gano haka a kan takarda tun kafin watan Afrilu.